GnuPG 2.1

GnuPG 2.1 sigar manhajar GnuPG ce da aka fitar ranar 6 ga Nuwamba, 2014. Ita GnuPG manhaja ce ta kyauta, wadda kowa ke da 'yancin duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba. Ana amfani da ita wajen kulle saƙonni da fayiloli, da kuma sa musu hannu ta kwamfuta. Werner Koch, ɗan ƙasar Jamus, ya soma ta a 1997 don ta maye gurbin PGP, wata manhaja mai irin wannan aiki.

Aikin GnuPG ya dogara kan makullai biyu: na fili, wanda mutum ke raba wa jama'a su kulle masa saƙo, da na sirri, wanda da shi kaɗai ake buɗewa, kuma da shi ake sa hannu.

Babban abin da sigar 2.1 ta zo da shi shi ne wani nau'in makullai mai suna ECC, gajeru idan aka kwatanta da nau'in RSA da aka saba amfani da shi, amma ba su gaza su tsaro ba. An kuma daina ajiye makullan sirri a fayil ɗin secring.gpg, aka damƙa su ga gpg-agent, wani ɓangare na manhajar. Tsofaffin makullan PGP 2 kuwa an yi watsi da su. Sigar 2.2 ta gaji sigar 2.1 a Agustan 2017.