Karatun ƙagaggun littattafai a tsakanin ɗaliban Hausa

Karatun ƙagaggun littattafai a tsakanin ɗaliban Hausa al'ada ce ta 'yan makaranta a arewacin Najeriya, wadda ta ƙunshi karanta labaran Hausa don nishaɗi, da ba juna aron littattafan, da tattaunawa a kan abin da aka karanta. Ta samo asali daga littattafan da aka buga a Zariya a shekarun 1930, amma ba ta zama ruwan dare ba sai daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Mafi yawan wannan karatu a wajen aji ake yin sa, kuma kasuwa da shagunan haya sun fi ɗakunan karatu na gwamnati ciyar da shi gaba.

Asali

Tun kafin zuwan boko akwai karatu a ƙasar Hausa. Almajirai suna karatun allo, masu neman ilimi suna bin littattafan fiƙihu da nahawu a gaban malamai, ana kuma rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami ana haddace su. Sai dai wannan karatu ne na ibada da neman sani, galibi a bayyane kuma a gaban malami. Mutum ya keɓe shi kaɗai da littafi don jin daɗin labari sabon abu ne.

A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai, domin 'yan makarantar boko sun iya karatu amma ba su da abin karantawa da harshensu. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da East shi ma a wannan zamani ya fito. Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930 cikin littattafai uku, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939. Waɗannan su ne suka raini ɗalibai na tsawon shekaru masu yawa, kuma har yau wasunsu suna cikin manhajar Hausa a makarantun sakandare. Aikin bugawa ya ci gaba a hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC daga 1966.

Littattafan Kano

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda aka ƙaddamar a 1976, ya shigar da ɗimbin yara makaranta, har da 'yan mata daga karkara. Bayan shekara goma waɗannan yara sun zama samari da 'yan mata masu karanta Hausa sosai, ko da Ingilishinsu bai yi ƙarfi ba. A daidai lokacin ne kuma tattalin arzikin ƙasa ya taɓarɓare, manyan kamfanonin buga littattafai suka ja da baya. Masu karatu sun yawaita, abin karantawa ya yi ƙaranci.

So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda NNPC ya buga a 1980, ya riga ya nuna cewa labarin soyayya yana da kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko da suka fito ba ta hannun babban kamfani ba. Daga nan sai Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Marubutan sun kafa ƙungiyoyi, mafi shahara ita ce Raina Kama a Kano. Jigogin sun shafi rayuwar masu karatun kai tsaye: auren dole, kishi, saki, da 'yancin yarinya ta gama makaranta kafin aure.

Haya da aro

Yadda littattafan suke yawo ya taimaka wajen kafuwar al'adar. Ƙanana ne, takardarsu mai araha, kuma akan raba labari guda kashi biyu ko uku ko fiye, a tsayar da kowane kashi a inda mai karatu zai matsu ya nemi na gaba. Daga Kasuwar Kurmi da ta Sabon Gari a Kano 'yan sari suke kwasa zuwa wasu garuruwa, a baza su a tashoshin mota da ranakun kasuwa.

Wanda ba shi da kuɗin saye yana iya yin haya. Mai shago yakan rubuta sunan mai karɓa a littafin rajista, ya karɓi ɗan kuɗi kaɗan na kwana ɗaya ko biyu. Matan aure da ba sa fita sukan aiki yara su karɓo musu. A makarantun kwana kuwa, musamman na 'yan mata, littafi guda yakan zagaye ɗakin kwana gaba ɗaya, ana bin layi, har bangonsa ya yage a liƙe shi. Wadda ta riga ta karanta takan ba sauran labarin da baki bayan an kashe fitila. Saboda haka adadin kwafin da aka sayar ba ya nuna yawan waɗanda suka karanta, kuma marubuta sun sha kokawa cewa masu haya sun fi su cin moriyar aikin. Gidajen rediyo a Kano da Kaduna su ma sun riƙa karanta littattafan kashi-kashi, abin da ya kai labaran ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Sharhi da muhawara

Masu karatun ba su tsaya ga karatu kawai ba. Marubuta sukan sa adireshinsu a cikin littafi, daga baya kuma lambar waya, don haka wasiƙu suka riƙa zuwa: wasu na yabo, wasu na ƙorafi kan yadda aka ƙare labari, wasu na neman shawara kan matsalar da ta yi kama da ta taurarin littafin. Wannan shi ne sharhin farko da littattafan suka samu, kuma daga hannun ɗalibai da matan gida ya fito, kafin masana su waiwaye su.

A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya soki littattafan a jarida, ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica. A ganinsa ba su da zurfi kuma ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya kare su da hujjar cewa sun sa dubban matasa karatu da harshensu, abin da makaranta ta kasa yi. Yusuf Adamu ya fi son a kira su adabin Hausa na zamani. An daɗe ana wannan muhawara a shafin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme ya kula da shi. Sunan da aka raɗa don suka shi ne ya zauna, har ɗaliban jami'a suna rubuta kundayen digiri da shi.

Adawa

Iyaye da malamai da dama sun zargi littattafan da shagaltar da ɗalibai daga darasi da koya musu rashin kunya, kuma ƙwace su a makarantun kwana abu ne da aka saba. Zargin bai rasa tushe gaba ɗaya ba, don akwai littattafan da aka rubuta cikin gaggawa ba tare da tacewa ba, amma an riƙa yi wa duka kuɗin goro. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta kuma nemi marubuta su yi rajista da ita, abin da ya jawo takaddama tsakaninta da ƙungiyoyin marubuta.

Halin yanzu

Fina-finan Kannywood sun janye wasu marubuta da masu karatu tun daga ƙarshen shekarun 1990, tsadar takarda kuma ta rage yawan abin da ake bugawa. Shagunan haya da yawa sun rufe, ɗalibai sun koma karanta labarai a wayar hannu, inda har yanzu ake sakin su kashi-kashi kamar da. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi a 2012, Aliyu Kamal ne ya fassara, kamfanin Blaft na Indiya ya buga. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata a 2016.