Ruwan Ɗufana a Ma'aunin Tarihi da Kimiyya: Shaida daga Kwarin Dilimi

Tsakure

Maƙalar ta gwada fassarar da ke cewa ruwan zamanin Annabi Nuhu (AS) ya rufe duniya baki ɗaya da abin da ƙasar kwarin kogin Dilimi na Jos ta adana. Ta gano cewa shaidar ta fi karkata ga babbar ambaliya ta yanki guda.

Gabatarwa

A daren 22 ga Yuli, 2012, ruwa ya yi ambaliya a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo cikin garin Jos, ya hallaka fiye da mutum 30. Da ya janye, ya bar laka da yashi. Kowace ambaliya takan bar sawunta, kuma a kan wannan binciken ya dogara: in ruwa ɗaya ya shafe duniya cikin shekara guda, dole a tarar da shimfiɗar laka mai shekaru ɗaya a kowace nahiya.

Abin da ramukan kuza suka tona

Da wuya a sami wurin da aka tone cikin ƙasa a Nijeriya kamar tudun Jos, inda Turawa suka kafa haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20. Duwatsun da kuzar ta fito daga cikinsu sun haura shekara miliyan 150. Ruwa ne ya zaizaye su sannu a hankali, ya tara kuzar cikin tsakuwar rafuka. A wasu wuraren narkakken dutse daga aman wuta ya malalo ya binne tsohon rafi, ya sandare, samansa ya ruɓe ya zama marmara, sannan sabon rafi ya yanka hanyarsa. Marmara ba ta samuwa a ƙarƙashin ruwa cikin watanni. Sai damina da rani sun yi ta zagayowa shekaru aru-aru. Cikin tsakuwar an tsinci gatarin dutse na mutanen farko a Mai Idon Toro, aka kuma sami mutum-mutumin Nok a 1928, kowanne da zamaninsa. Ambaliya da yawa ake karantawa a bangon ramukan nan, ba guda ɗaya ba.

Lissafin ruwa ma bai ba da dama ba. Jos na kan tudu mai kimanin mita 1,200, tsaunin Shere ya kai 1,829. Ƙarshen zamanin ƙanƙara ya ɗaga teku da kusan mita 120 ne kawai, kuma da duk ƙanƙarar da ta rage za ta narke, ƙarin ba zai wuce mita 70 ba.

Nassi da tarihi

Wannan bai sa labarin ya zama tatsuniya ba, kuma marubucin bai ɗauke shi haka ba. A 1872 George Smith ya karanta labarin ambaliya a allon Gilgamesh, a 1929 kuma Leonard Woolley ya tono laka mai kauri a Ur ta Iraƙi, ko da yake lakar Ur da ta Kish da ta Shuruppak zamaninsu ya bambanta. Nan kusa, ruwan Dilimi yakan bi ta kogin Jama'are zuwa Tafkin Chadi, wanda shekara 7,000 da suka wuce ya kai kusan girman Tekun Kasbiya na yau. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, na wancan zamanin damshi ne. Kamannin sunan da Ɗufana yana jan hankali, amma ba hujja ba ne.

Muhimmin abu yana cikin kalma. Lafazin da Suratu Hudu da Littafin Farawa suka yi amfani da shi ga wurin da ruwan ya shafa, a Larabci da Ibrananci, daidai yake da “ƙasa” a Hausa: yana iya nufin duniya, yana iya nufin yankin wata al'umma. Alƙur'ani ya ce ga mutanensa aka aiko Nuhu. Dutsen Judi da tsaunukan Ararat, inda littattafan biyu suka ce jirgin ya tsaya, duk suna tuddan da Dijla da Furatu ke gangarowa daga gare su zuwa kwarin Iraƙi.