Daga Teburin Gwamna Zuwa Bakin Gadon Majinyaci: Nazari Kan Fafutukar Ma'aikatan Jinya a Kalifoniya, 1999-2019

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin dokar jihar Kalifoniya ta Amurka mai lamba AB 394, wadda ta ƙayyade yawan majinyatan da za a ɗora wa ma'aikacin jinya guda a lokaci ɗaya. Hujjar da ake kafawa ita ce, rattaba hannu a kan dokar a 1999 bai ba ma'aikatan jinya komai a hannu ba tukuna. Abin da suka samu sun same shi ne daga baya, a ofishin rubuta ƙa'idoji da gaban alƙali da bakin titi. An gwada wannan da abin da ya faru a jihohin Masacusets da Oregon.

Gabatarwa

A Amurka, jihohi ne ke ba ma'aikatan jinya lasisi, su ne kuma ke sa ido a kan asibitoci. Don haka duk ƙungiyar da ke neman gyara a sana'ar, majalisar dokokin jiharta take fara nufa kafin Washington. Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Kalifoniya, CNA, ta ɓalle daga uwar ƙungiya ta ƙasa, ANA, a 1995, ta koma ƙungiyar ƙwadago zalla. Ta nemi biyan buƙata ta ƙuri'ar raba-gardama a 1996, ta sha kaye. Daga baya majalisa ta amince da ƙudirinta, Gwamna Pete Wilson ya hau kujerar na-ƙi. Sai a Oktoban 1999 Gwamna Gray Davis ya sa hannu a ƙudirin da 'yar majalisa Sheila Kuehl ta gabatar. Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa su yi tafi.

Waiwaye

Aikin da kowa ke ambatawa shi ne na Linda Aiken da abokan bincikenta a 2002. Sun duba asibitoci 168 a jihar Pensilbaniya, suka gano cewa kowane majinyaci guda da aka ƙara wa ma'aikacin jinya yana tafe da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30. Ba mu da ja a kan wannan.

Jayayyarmu da masana tattalin arziki ce, musamman Cook da Gaynor da abokansu (2012). Sun nuna cewa dokar ta ƙara yawan ma'aikatan jinya a asibitocin da a da ke fama da ƙaranci, amma ba su ga shaidar cewa ta inganta ceton majinyatan da cuta ta rikice musu ba. Lissafinsu tsaf yake. Matsalar tana wajen waɗanda suka ɗauki sakamakon suka yi ta yawo da shi a zaurukan majalisu a matsayin hukuncin ƙarshe. Irin wannan nazari yana ja layi ne ya ce ga "kafin doka", ga "bayan doka", kamar dai ranar da aka ayyana kowane ɗaki na kowane asibiti ya canza. Alhali shekarun farko na aiki da dokar shekaru ne na shari'a da umarnin dakatarwa, kuma babu tara takamaimiya a kan wanda ya karya ta. Wanda ya auna waɗannan shekaru, doka mai ɗingishi ya auna. Aiken da abokanta (2010) sun ƙiyasta cewa da Pensilbaniya da Niyu Jasi sun bi adadin Kalifoniya, da mace-macen bayan tiyata sun ragu da fiye da kashi 10 cikin 100 a kowacce. Wannan ma ƙiyasi ne, ba ma rataya hujjarmu a kansa.

Hanyar Bincike

An karanta matanin dokoki da ƙa'idojin aiwatarwa da hukunce-hukuncen kotu da rahotannin jaridu na lokacin, aka jera su bisa tarihi, sannan aka kwatanta jihohi uku.

Sakamako: Dokar da Babu Lamba a Cikinta

Abin da ya fi ɗaukar hankali a AB 394 shi ne, adadin da ake ta hayaniya a kansa ba ya cikinta. Majalisa ta ce a ƙayyade, ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta jihar aikin faɗin nawa. Nan aka buɗe sabon ciniki, faɗa na farko ke nan. A ɗakunan kwanciya na gama-gari, ƙungiyar masu asibitoci ta nemi ma'aikaci ɗaya ga majinyata 10, CNA ta ce 3. Tazarar da ke tsakanin 3 da 10 ita ce dokar gaba ɗaya: da an ɗauki 10, da takardar da Davis ya sa wa hannu ta zama ado kawai. Hukumar ta sanar da matsayinta a Janairun 2002: majinyata 6 da farko, su sauko zuwa 5 daga baya. Aka fara aiki da 6 a farkon 2004, aka tsayar da 2005 don saukowa zuwa 5. Ɗakin kulawa ta musamman 2, sashen gaggawa 4. An kuma bar ƙofa a cike har rabin gurbin da ƙananan ma'aikatan jinya masu gajeren horo, abin da CNA ba ta so ba.

Faɗa na biyu a kan lokacin hutu aka yi shi. Ƙa'idar ta ce a kiyaye adadin a kowane lokaci. To idan ma'aikaciya ta fita cin abinci na rabin awa, wa ke riƙe da majinyatanta biyar? A al'adar asibiti, ta kusa da ita ce ke haɗawa da nata, su zama goma. Masu asibitoci suka garzaya kotu suna neman a cire lokacin hutu daga lissafi, kotu a Sakramento ta ƙi a 2004. Wanda bai taɓa kwanan aiki a ɗakin majinyata ba zai ga wannan ƙaramin batu ne. Amma shi ya tilasta ɗaukar masu karɓar hutu, kuma a nan kuɗin gaske ya fita daga aljihun asibitoci.

Faɗa na uku shi ya fi tsanani. A Nuwamban 2004 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya yi amfani da ikon gaggawa ya ɗage saukowa daga 6 zuwa 5 har 2008, bisa hujjar ƙarancin ma'aikata da tsoron rufe asibitoci. A wani taron mata a Long Beach ya kira ma'aikatan jinyar da suka yi masa zanga-zanga 'yan neman biyan buƙatar kansu. CNA ta kai ƙara, ta kuma riƙa bin gwamnan duk inda ya je taron tara kuɗi, da kwalaye a hannu. A Maris 2005 mai shari'a Judy Holzer Hersher ta yanke cewa gwamnati ta wuce gona da iri. Gwamnan ya ɗaukaka ƙara, amma ya janye ta a Nuwamba, kwanaki kaɗan bayan masu zaɓe sun yi watsi da duk ƙudurorin da ya kai gabansu.

Maganar hukunci kuwa ta jira har 2019, lokacin da Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a SB 227: tarar dala 15,000 a karon farko, 30,000 idan an maimaita. Shekara 20 ke nan tsakanin doka da haƙoranta.

Masacusets da Oregon

A 2018 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Masacusets ta kai batun gaban masu zaɓe kai tsaye, da lambobinta a rubuce. Wata hukumar jiha ta ƙiyasta kuɗin aiwatarwa tsakanin dala miliyan 676 da 949 a shekara. Reshen ANA na jihar ya bi sahun masu asibitoci, sai mai kallon talabijin ya riƙa ganin ma'aikatan jinya a tallan kowane ɓangare. Kusan kashi 70 cikin 100 suka ce a'a. Oregon ta daɗe tana bin tsarin da ANA ta fi so a lokacin, na kwamitocin cikin asibiti da ke tsara yawan ma'aikata. A 2023 ta rubuta lambobin a cikin dokar kanta, HB 2697, bayan sulhu da masu asibitoci, tare da tanadin hukunci.

Iyakokin Nazari

Dole a amsa cewa jihohi uku ba su isa kafa ƙa'ida ba, kuma takardu ba sa nuna abin da ke faruwa a ɗaki da ƙarfe uku na dare. Kalifoniya jiha ce mai arziki da albashin da ke janyo ma'aikata daga wasu wurare, har da ƙasashen waje, don haka ba a cewa a ɗauko lambobinta a dasa inda ma'aikatan ke ficewa. Tambayar ko dokar ta rage mace-mace tana nan a buɗe. Amma duk mai son amsa ta da gaskiya, ya raba shekarun da babu tara da waɗanda suka biyo bayan 2019, ya auna kowanne daban.