Flo Hyman: Tarihin Doguwar 'Yar Ƙwallon Ragar Amurka

Wasan ƙwallon raga, wato wanda mutum shida-shida ke tsayawa a kowane ɓangare suna tura ƙwallo da hannu ta saman raga, a ƙasar Amurka aka ƙirƙiro shi. Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya fito da shi a garin Holyoke cikin shekarar 1895, domin magidantan da ƙwallon kwando ya yi wa tsauri. Amma kamar yadda akan ce, mai abu da rai ba ya rasa mai taya shi so, sai ga shi Amurkawa sun bar wasan nan ya zama abin shaƙatawa a bakin teku, alhali wasu ƙasashe sun rungume shi da gaske. Lokacin da aka fara sanya ƙwallon ragar mata a wasannin Olamfik, a birnin Tokiyo cikin 1964, 'yan matan Japan ne suka ɗauki zinare, Tarayyar Sobiyat ta biyo baya. A 1972 da 1976 kuwa, matan Amurka ko gurbin zuwa ba su samu ba.

A cikin wannan hali ne Flora Jean Hyman, wadda duniya ta sani da Flo, ta taso. Baƙar fata ce, an haife ta ran 31 ga Yuli, 1954, ta girma a Inglewood da ke jihar Kalifoniya. Abin da duk wanda ya gan ta ya fara lura da shi shi ne tsawo. Tun tana 'yar shekara 12 ta kai ƙafa shida, da ta gama girma kuwa ta tsaya a ƙafa shida da inci biyar, wato mita 1.96. Masu karatu za su iya kwatanta irin tsangwamar da yarinya mai wannan tsayi za ta sha a tsakanin sa'o'inta. An ce har ranƙwafawa takan yi don ta rage tsawo, sai da iyayenta suka yi ta lallashinta kan ta miƙe ta ɗaga kai. Ta taɓa ƙwallon kwando da guje-guje a makarantar sakandare ta Morningside, amma ƙwallon raga, wanda ta fara bugawa a rairayin bakin teku, shi ne ya shiga ranta. Muna roƙon mai karatu ya riƙe maganar tsawon nan, domin za mu dawo kanta.

Da a ce Flo ta girmi kanta da shekara goma, da wuya ta ga ƙofar jami'a ta hanyar wasa. A Amurka jami'o'i kan ɗauki nauyin karatun ɗalibi saboda ya buga musu wasa, amma shekara da shekaru maza kaɗai ke cin wannan gajiya. Sai a watan Yuni na 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan dokar ilimi da ke ɗauke da Sashe na Tara, wanda ya haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sashen bai ambaci wasanni ko sau ɗaya ba, amma a filin wasa aka fi jin tasirinsa. Flo ta yi shekara guda a kwalejin El Camino, sannan Jami'ar Houston da ke jihar Tekzas ta ɗauke ta, ta zama mace ta farko da jami'ar ta ba tallafin karatu saboda wasa. Ta karanci lissafi da ilimin motsa jiki. Sau uku ana sanya ta cikin zaɓaɓɓun 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya, kuma a 1977 ita ce ta fara karɓar lambar Broderick ta gwarzuwar 'yar ƙwallon raga a jami'o'i.

Ba ta ƙarasa digirin ba. Saura shekara guda ta ajiye littafi, bisa hujjar cewa makaranta tana nan ko mutum ya tsufa, ƙarfin tsalle kuwa ba ya jiran kowa. Muna iya saɓa mata a kan wannan, amma ya kamata mu dubi abin da ke gabanta. A lokacin babu gasar ƙwararru ta mata zalla a Amurka da 'yar wasa za ta shiga bayan jami'a ta ci abinci. Hanya ɗaya ce ta rage, ita ce ƙungiyar ƙasa, wadda aka tara 'yan wasanta a wuri guda suna atisaye dare da rana ƙarƙashin koci Arie Selinger, mutumin da ya ɗauko salon horo mai tsanani irin na ƙasashen Asiya da Gabashin Turai. Awa shida zuwa takwas suke yi a fili, kwana shida a mako, ba albashin kirki. A nan ne aka koya wa Flo abin da dogaye suka fi tsana, wato zubewa ƙasa don ceto ƙwallo. Dukan ƙwallo daga sama kuwa dama nata ne. An ƙiyasta gudun ƙwallon da ta doka da kusan kilomita 180 a awa.

Wahala ta fara biya. A gasar duniya ta 1978 Amurka ta zo ta biyar, ta kuma samu gurbin Olamfik na 1980 a Masko. Ana cikin shiri sai sojojin Sobiyat suka shiga Afganistan, Shugaba Jimmy Carter ya ce 'yan wasan Amurka ba za su je ba. (Wasu daga cikinmu za su tuna cewa har ɗan dambe Muhammad Ali aka turo Afirka, ya zo Legas neman goyon baya, amma Nijeriya ta tafi Masko abinta.) Shekarun da 'yan matan nan suka sadaukar suka tafi a banza a kan rigimar da ba su suka haɗa ta ba. Da dama suka ajiye wasa suka kama harkar gabansu. Flo, mai shekara 26, tana cikin waɗanda suka zauna.

Shekaru huɗun da suka biyo baya su ne ganiyarta. A gasar cin kofin duniya ta 1981 a Japan aka zaɓe ta wadda ta fi kowa iya dukan ƙwallo. A 1982, a ƙasar Peru, Amurka ta ɗauki tagulla, bayan Sin da masu masauki. Sai Olamfik na Los Anjalis a 1984, kusan a ƙofar gidansu, inda ita ce mafi tsawo kuma mafi shekaru a ƙungiyar, tare da Rita Crockett da Rose Magers da Paula Weishoff da kuma Debbie Green mai ɗaga musu ƙwallo. Sun doke Sin a wasan rukuni da turmi uku da ɗaya, suka fitar da Peru, suka sake haɗuwa da Sin a wasan ƙarshe. A wannan karon Lang Ping da 'yan uwanta ba su bar musu ko turmi guda ba: 16-14, 15-3, 15-9. Azurfa Amurka ta samu. Gaskiya ne cewa Sobiyat da Kyuba ba su zo ba, domin sun rama ƙauracewar 1980, amma duk da haka wannan ce lambar Olamfik ta farko da matan Amurka suka taɓa samu a wasan da aka haifa a ƙasarsu.

A shekarar nan dai Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kwalejin Grove City, ta taƙaita Sashe na Tara ga ɓangaren makaranta da ke karɓar kuɗin tarayya kai tsaye, abin da ya fitar da yawancin sassan wasanni daga ƙarƙashin dokar. Flo ta san ta wace ƙofa ta shiga jami'a, don haka tana cikin matan da suka je majalisa a Washintan suna neman a gyara. An gyara ɗin a 1988, bayan majalisa ta tsallake ƙin amincewar Shugaba Reagan, amma Flo ba ta ga ranar ba.

Sana'arta ta ƙwararru a Japan ta yi ta, domin can ne ake biyan mace don ta buga ƙwallon raga. A Japan kamfanoni ne ke da ƙungiyoyi. 'Yan matan da suka ci zinaren 1964 ma yawancinsu ma'aikatan wata masaƙa ce. Flo ta buga wa Daiei, kamfanin manyan kantuna, ta taimaka aka fitar da ƙungiyar daga ƙaramin rukuni zuwa na ɗaya, Japanawa kuma suka so ta ƙwarai. Ran 24 ga Janairu, 1986, a garin Matsue, Daiei ta kara da Hitachi, wadda ta daɗe ba a ci ta ba. A turmi na uku aka canja Flo, ta zauna a benci tana ƙarfafa wa 'yan uwanta gwiwa, sai kawai ta sulale ƙasa. An ɗauke ta zuwa asibiti, wasa ya ci gaba, Daiei ta yi nasara. A daren nan aka tabbatar da rasuwarta, tana da shekara 31.

Da farko an ce bugun zuciya ne. Danginta ba su gamsu ba, suka nemi a sake binciken gawar a Kalifoniya, inda aka gano cewa zuciyarta lafiya lau take. Babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya ce ta tsage, a wani wuri mai rauni da bai fi girman ƙaramin kwabo ba, kuma an ga alamar cewa tsagewar ta soma tun makonni kafin ranar. Sunan cutar Marfan, daga likitan yara Bafaranshe Antoine Marfan da ya fara bayaninta a 1896. Cuta ce ta gado, takan sami kamar mutum ɗaya cikin 5,000, kuma idan uwa ko uba na da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Tana raunana abin da ke ɗaure gaɓoɓin jiki da jijiyoyi. Alamominta na fili kuwa su ne tsawo fiye da kima, dogayen hannuwa, zara-zaran yatsu, sau da yawa da raunin gani.

To, a nan ne muka dawo maganar da muka ce a riƙe. Duk siffofin da likita zai gani ya tsorata, su ne koci zai gani ya yi murna. Makarantar sakandare, jami'a, ƙungiyar ƙasa, kamfanin Japan, kowa ya dubi hannuwan nan ya ga makamin cin wasa. Ba mu ce wani ya yi sakaci da gangan ba, domin Flo ta sha gwajin lafiya irin na 'yan wasa tana wucewa, kuma a zamanin likitocin wasanni kaɗan ne ke neman wannan cuta. Sai dai na'urar ɗaukar hoton zuciya da sauti tana nan a lokacin, aikin tiyatar sauya jijiyar ma ana yin sa. Shaida ita ce, bayan rasuwarta an gwada danginta, aka sami cutar a jikin ɗan'uwanta guda, aka yi masa aiki. Sai a 1991 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ta, kuma a 2014 gwajin lafiya ya gano ta a jikin Isaiah Austin, ɗan ƙwallon kwandon Jami'ar Baylor, 'yan kwanaki kafin a ɗauke shi gasar ƙwararru ta NBA.

A watan Fabrairu na 1987 aka fara bikin ranar 'yan mata da mata a wasanni a Amurka, don tunawa da ita, aka kuma kafa lambar yabo mai sunanta, wadda 'yar wasan tanis Martina Navratilova ta fara karɓa. A 1988 aka sanya sunanta a zauren gwarazan ƙwallon raga da ke Holyoke. Lang Ping, wadda ta hana ta zinare, ita ce ta horar da matan Amurka suka sake ɗaukar azurfa a Beijin cikin 2008. Zinaren kansa bai zo ba sai a wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, a ƙasar da Flo ta buga wasanta na ƙarshe, lokacin da Amurka ta doke Birazil da turmi uku ba ko ɗaya.