Kujerun Damagaram a majalisar dokoki: tarihin ƙuri'armu daga 1957 zuwa yau

Yau za mu waiwayi mazaɓar jahar Damagaram, wato Zinder, mu ga yadda muka riƙa tura wakilai majalisar dokoki ta Yamai, da abin da ya sami ƙuri'armu kowane zamani. A majalisar ƙarshe da muka zaɓa, ranar 27 ga Disamba 2020, kujeru 171 ne a ƙasa baki ɗaya, kuma 33 daga ciki na jaharmu ne: 32 na babbar mazaɓa, ɗaya ta mazaɓar musamman ta Tesker. Babu jahar da ta kai mu. Maradi na biye da 32, Tahoua 31. Duk mai neman rinjaye a Nijar dole ya biyo ta nan.

Mu fara da zamanin Nasara. Damagaram ce babban birnin mulki har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da shi Yamai. Tun daga nan mutanen gabas suke jin an bar su a baya, kuma wannan ƙorafi ya daɗe yana bin akwatin zaɓe. Dokar Faransa ta 1956 ta bai wa kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ƙuri'a. A zaɓen Maris 1957 jam'iyyar Djibo Bakary, wadda muka sani da Sawaba, ta ci kujeru 41 cikin 60, PPN-RDA ta Diori Hamani ta samu 19. Cikin 'yan Sawaba da suka wakilci Zinder akwai Abdoulaye Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarraounia.

Sai aka zo zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958. Sawaba ta ce a'a, a ba mu 'yanci nan take. Faransa da sarakuna da yawa suka ce i, kuma i ɗin ta yi nasara. Gwamnatin Djibo Bakary ta faɗi, aka sake zaɓen majalisa ranar 14 ga Disamba. Ƙawancen PPN-RDA ya kwashe kujeru 49, Sawaba ta tsira da 11, a Zinder da Tasawa. A Zinder listar da Diori kansa yake ciki ce ta sha kaye. Amma ba a bar sakamakon ya tsaya ba. An soke zaɓen mazaɓun biyu, kujerun Tasawa aka miƙa wa masu mulki, a Zinder kuma aka sake zaɓe cikin 1959, Sawaba ta ƙaurace. Kafin shekarar ta ƙare an haramta jam'iyyar gaba ɗaya. Kenan ƙuri'ar adawa ta farko da kakanninmu suka jefa, da alƙalami aka goge ta.

Daga samun 'yanci a 1960 har juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974, jam'iyya ɗaya ce. An yi zaɓe a 1965 da 1970, amma lista guda ake kawowa, sunayen an riga an rubuta su a Yamai. Kountché ya rufe majalisa, ba a sake buɗe ta ba sai Disamba 1989 zamanin Ali Saibou, shi ma da jam'iyya ɗaya, MNSD, da kujeru 93. Shekara talatin kenan mutumin Magaria ko Tanout bai taɓa zaɓa tsakanin mutum biyu ba.

Babban taron ƙasa na 1991 ne ya canza lamarin. Tsarin da ya biyo bayansa ya mayar da kowace jaha mazaɓa guda. Jam'iyya ce ke tsara lista, mu kuma jam'iyya muke dangwala wa, sannan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. An kuma ware mazaɓu takwas na musamman domin ƙananan ƙabilu kada yawan wasu ya haɗiye su. Tamu ita ce Tesker, ƙasar Tubawa da Larabawa da sauran makiyaya. Maradi tana da Bermo, Tahoua tana da Tassara. A waɗannan kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci.

A zaɓen Fabrairu 1993 kujeru 83 ne. MNSD ta samu 29, CDS-Rahama ta Mahamane Ousmane 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Ƙarfin CDS daga Damagaram da Maradi ya fito. Jam'iyyun da ke adawa da MNSD suka haɗa ƙawancen AFC, a watan Maris ɗan Zinder ya zama shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa cikin takara. A Tesker kuwa an soke zaɓen Fabrairu, aka sake shi a Afrilu, wani malamin falsafa na PNDS ya ci. Sunansa Mohamed Bazoum. Ku riƙe sunayen nan biyu, za su sake haɗuwa.

Murnar ba ta daɗe ba. A Satumba 1994 PNDS ta fice daga ƙawance, shugaba Ousmane ya rusa majalisa, aka koma zaɓe a Janairu 1995. CDS ta ƙara kujeru zuwa 24, amma rinjaye ya koma hannun MNSD da PNDS, Hama Amadou ya zama firaminista. Shugaba da firaminista suka shekara ba sa ga maciji, har Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su ranar 27 ga Janairu 1996. Zaɓen majalisa na Nuwambar shekarar, manyan jam'iyyu ƙaurace masa suka yi.

Bayan kisan Baré a 1999, CDS ta samu kujeru 17, sannan 22 cikin 113 a 2004. Ousmane bai koma fadar shugaban ƙasa ba, amma ƙuri'un Damagaram sun sa shi ne mai raba gardama: sau biyu yana zuwa na uku, sau biyu yana mara wa Tandja Mamadou baya a zagaye na biyu, ya kuma riƙe shugabancin majalisa daga 1999 zuwa 2009. A nan Zinder ne, wajen aza harsashin matatar mai a Oktoba 2008, aka fara ɗaga muryar tazarce a bainar jama'a. Kuma majalisar da ɗan Zinder ke shugabanta ce Tandja ya rusa a Mayu 2009 lokacin da rikicin ya yi zafi. Sojojin Salou Djibo suka rufe babin ranar 18 ga Fabrairu 2010.

Zaɓen Janairu 2011 ya karya tsohon lissafi. Tun kafin a je rumfa kotun tsarin mulki ta riƙon ƙwarya ta yi watsi da listoci masu yawa na manyan jam'iyyu saboda takardun 'yan takara ba su cika ba, kuma CDS ba ta wuce kujeru 3 ba a duk ƙasa. Daga nan rikicin cikin gida ya raba ta, Abdou Labo ya riƙe sunan jam'iyya, Ousmane ya yi takarar 2016 da tutar MNRD-Hankuri, a 2020 kuma da RDR-Canji. Ƙuri'un jahar suka watsu tsakanin jam'iyyu da dama, PNDS ta yi ƙarfi sosai a karkara. A 2020 RDR-Canji kujeru 7 ta samu, PNDS kusan 80. Amma a zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, waɗanda suka kara su ne tsofaffin wakilan jahar nan biyu: Bazoum na Tesker da Ousmane na Zinder. Bazoum ya ci da kashi 55 da ɗoriya, Ousmane bai amince da sakamakon ba. Majalisar da aka zaɓa a lokacin, juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rusa ta, kuma a Maris 2025 an rusa jam'iyyun siyasa duka.

To, me tarihin nan ya nuna mana? Na ɗaya, cikin majalisun da aka zaɓa da takara tun 1993, uku kaɗai suka cika wa'adinsu lafiya: ta 1999, ta 2011 da ta 2016. Sauran ko shugaban ƙasa ya rusa su, ko soja. Na biyu, tsarin lista yana da amfani, don ƙaramar jam'iyya ma tana samun kujera, kuma da shi aka tilasta sa mata: kashi 10 a dokar 2000, 15 a 2014, 25 a 2019. Amma yana da illa. Jaha mai mutum fiye da miliyan 3 da rabi a ƙidayar 2012, daga Matamaye har Gouré, a ce mazaɓa ɗaya ce, manomin Dungass bai san wane depite ne nasa cikin 32 ba. Shi ma depiten ya san uwar jam'iyya ce ta sa shi a lista, ita yake tsoro, ba mu ba. Shi ya sa matsalar ruwan sha a birnin Zinder ta ga majalisu sun zo sun wuce, kowa na alkawari a kamfe, ba wanda za a kama da hannu a ce kai ne.

Ko ba daɗe ko ba jima za a zauna a sake tsara dokar zaɓe. Ranar da za a yi, tambayar yadda za a yanka mazaɓu ta fi tambayar wa zai tsaya muhimmanci: a bar jaha guda, ko a sauko zuwa gunduma ta yadda Mirriah, Magaria, Tanout kowace za ta san wakilinta da sunansa? A bar Tesker da kujerarta? Idan muka yi shiru, wasu ne za su yanke mana a Yamai, kamar 1959.

Dattawan da suka ga zaɓen 1993 da idonsu, da matasan da 2020 ne zaɓensu na farko, muna jiran ra'ayoyinku, cikin mutunci da girmama juna. Allah ya zaunar da Nijar lafiya, ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka. Amin.