Siririn Jirgi, Doguwar Tafiya: Yadda Ya Zo, Ya Ja Baya, Ya Kuma Dawo

Duk wanda ya tashi a Makarfi ko Ikara ko Kudan ya san yadda gari ke ɗaukar harama idan tashin alhazai ya gabato. A bi gida-gida ana sallama da neman gafara, a daka yaji, a ƙulla garin kunu a cusa a gefen jaka, sannan motoci su yi jerin gwano zuwa sansanin alhazai na Mando a Kaduna. Idan aka dawo kuma, bayan an raba zamzam da dabino, labarin da yara suka fi ƙagara su ji shi ne na jirgi.

Labarin kuwa iri biyu ne. Dattawan da suka sauke farali a farkon shekarun 1970 za su ce maka kujeru uku ne a dama, uku a hagu, da 'yar siririyar hanya guda a tsakiya, wadda idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. Waɗanda suka je daga baya kuwa ƙaton jirgi suka sani, mai hanya biyu, wani ma har da bene. Shi ya sa idan ɗalibin da ke karatu a waje ya zo hutu yana mamakin yadda ya ƙetare Tekun Atlantika cikin jirgi mai hanya ɗaya, kakansa ba zai yi mamaki ba. Cewa zai yi, "Ai ɗan nan, irinsa muka shiga." Kuma gaskiyarsa ce. Abin da ake tallatawa yau a matsayin sabon salo, da shi aka fara.

Zamanin zango

Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka daga ƙasar Zazzau gabas yake dosa: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, sai Darfur, har bakin Bahar Maliya a Suwakin. Tafiya ce ta shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe.

Jiragen farko ma wannan hanyar suka biyo, sai dai daga gabas suka ɓullo. A ƙarshen Oktoba 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka bi ta Sudan da Chadi suna yada zango, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Masar.

Jirgin wancan zamani kamar ayarin fatake yake, ba ya dogon zango sai ya sha mai. Wannan ne ya ɗaga darajar Kano, domin jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a nan suke sauka bayan sun ƙetare Sahara. Haka abin yake a Atlantika: garin Gander a Kanada da Shannon a ƙasar Ireland su ne zangon masu tsallaka teku. 'Yan kasuwar Kano ba su yi sanya ba. A 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda sunansa ya bi wurin nan na 'yan canji a Fagge. Da motoci aka fara, daga baya aka koma ɗaukar shatar jirage.

Shekarar da komai ya sauya

A tarihin doguwar tafiya ta sama, 1958 ita ce mararraba. A cikinta ne kamfanonin jiragen duniya suka buɗe kujerun gama-gari masu rahusa a kan hanyar Atlantika, aka matse sahu domin a ƙara mutane, aka rage abinci domin a rage kuɗi. Ranar 4 ga Oktoba kamfanin BOAC na Ingila ya fara ƙetare tekun da jirgin jet mai suna Comet 4. Ranar 26 ga watan kuma Pan Am na Amurka ya tashi daga New York zuwa Paris da Boeing 707, ɗauke da fasinja 111, ya tsaya shan mai a Gander. A wannan shekarar ce kuma aka kafa kamfanin da ya zama Nigeria Airways.

Boeing 707 yana da inji huɗu, amma siriri ne. Faɗin gangar jikinsa bai kai mita huɗu ba, kujeru shida a sahu, hanya ɗaya. Shi da takwaransa DC-8 su ne suka riƙe doguwar tafiya fiye da shekara goma. Da su Pan Am ke zuwa Legas daga New York ta Dakar da Monrobiya. Kuma irinsu ne suka mayar da tafiyar Makka ta shekaru ta koma ta sa'o'i huɗu zuwa biyar, domin tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Manomin rake a Makarfi, wanda kakansa zai yi wasiyya kafin ya kama hanya, sai ga shi ya yi sallar asuba a Kano, ya yi la'asar a Jidda. Zuwa 1977 alhazan Najeriya sun haura dubu ɗari a shekara guda.

Wannan sauƙi bai zo ba tare da hawaye ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 na kamfanin Jodan da Nigeria Airways ya ɗauko shata, yana dawowa da alhazai daga Jidda, ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 kuma wani DC-8 da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta sakamakon tayar da ba ta da isasshiyar iska, duka mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Babu ɗaya daga cikin haɗurran nan da ƙanƙantar faɗin jirgi ta jawo, amma duk mai ba da tarihin hawan jirgi a ƙasar Hausa dole ya tsaya a kansu.

Zuwan ƙato

A Janairu 1970 Pan Am ya fara aiki da Boeing 747 tsakanin New York da Landan. Hanya biyu, bene a gaba, mutane fiye da 350 a tashi guda. Lissafin a fili yake: idan aka raba kuɗin mai da na ma'aikata a kan mutane masu yawa, kuɗin kujera sai ya sauka. Nan da nan manyan hanyoyi suka koma hannun ƙattai. Nigeria Airways ya sayi DC-10 a 1976, da irinsa ya riƙa zuwa Landan da New York. Aikin hajji, wanda ke buƙatar kwashe dubban mutane cikin 'yan makonni, ya fi kowa dacewa da ƙaton jirgi. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, daga baya kuma Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, da 747 suka yi suna a jigilar alhazai.

Sai dai ƙaton jirgi ya zo da nasa sharaɗin. Ba ya buƙatar zango, don haka Gander da Shannon suka ƙara yin sanyi, Kano ma ta rasa jiragen da ke tsayawa shan mai. Kuma ba ya biyan kuɗinsa sai an cika shi, don haka sai ya tare a manyan birane. Mutumin Ikara mai zuwa Amurka sai ya fara neman Abuja ko Legas, ya kwana a hanya, ya sauya jirgi a Turai ko ƙasashen Larabawa. Filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya girmi saura, ya koma kallon jirage na wucewa ta samansa.

Me ya hana ƙaramin jirgi cike wannan giɓi tun a lokacin? Doka ce. Tun 1953 hukumomin Amurka suka hana jirgi mai inji biyu yin nesa da filin sauka fiye da tafiyar minti 60, don gudun kada inji ɗaya ya mutu a tsakiyar teku. Ƙetare Atlantika sai mai inji uku ko huɗu, su kuwa akwai shan mai. Da injuna suka ƙara inganci, a 1985 aka sassauta zuwa minti 120, a 1988 kuma zuwa 180. Wannan sassauci shi ne ƙofar da siririn jirgi ya sake shigowa ta ciki.

Dawowa

Wanda ya fara cin moriyar wannan dama a cikin sirara shi ne Boeing 757. Faɗinsa ɗaya da na 707, amma injinsa biyu. Kamfanonin Amurka suka riƙa tura shi ƙananan biranen Turai da ba za su cika ƙato ba, Delta kuma ya shafe shekaru yana haɗa New York da Dakar da shi. An daina ƙera shi a 2004, aka bar gurbin da kamfanin Airbus ya zo ya cike. Da farko ya fito da A321LR a 2018, wanda kamfanin JetBlue ya fara zuwa Landan da shi daga New York a Agusta 2021. Sannan A321XLR, wanda aka gina masa ƙarin tankin mai na lita 12,900 a cikin gangar jikinsa, har yana iya cin kimanin kilomita 8,700 ba tsayawa. Kamfanin Iberia na Sifen ne ya fara karɓarsa, ya tashi da shi daga Madrid zuwa Boston a Nuwamba 2024, da kujeru 182.

Dalilin kamfanoni, duk direban tashar Makarfi ya san shi. Doguwar bas tana da rahusa idan ta cika, amma a hanyar da fasinja ba su da yawa sai ta wuni tana lodi. Ƙaramar mota kuwa ta cika ta tashi, ta dawo ta sake. Cika kujera 180 kullum ya fi cika 350 sauƙi, kuma idan kasuwa ta yi sanyi asarar ba ta kai ta ƙato ba.

Abin da fasinja ke ji a jikinsa

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya duka. Kujerar gama-gari a siririn jirgi ba lallai ta fi ta ƙato matsi ba. Faɗinta inci 17 zuwa 18 ne, kusan ɗaya da ta manyan jirage da yawa. Abin da ya ragu shi ne tazarar sahu: a zamanin 707 ana samun kusan inci 34, yau galibi 30 zuwa 32 ne, kuma wannan zaɓin kamfani ne, ba laifin jirgi ba.

Inda bambancin yake shi ne hanyar nan guda ɗaya. Idan ma'aikata suka turo keken abinci, hanya ta toshe daga gaba har baya. Ka ga dattijo mai ciwon suga yana zaune jikin taga, yana son zagawa, sai ya tashi mutum biyu, ya tsaya bayan keke har a gama rabo, sannan ya bi layi a ƙofar ban-ɗaki. Babu wani fili da za a tsaya a miƙe ƙafa, balle a shimfiɗa darduma. Lokacin salla ya yi, mutum ya yi ta a zaune yana nuni, gwiwarsa na gogar kujerar gaba. Awa biyu a haka ba komai ba ne. Awa bakwai ko takwas kuwa sai an shirya. Mai rauni ya nemi kujerar bakin hanya tun wajen yankan tikiti, ya riƙa shan ruwa, ya motsa ƙafafu, ya miƙe ya taka duk lokacin da hanya ta buɗe, domin dogon zama na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ta fuskar aminci kuwa, ƙa'idojin da aka gindaya wa mai ƙetare teku ɗaya ne, siriri ne ko ƙato.

Ina muka dosa?

Tsakanin Kano da Landan bai kai kilomita 4,500 ba, kusan rabin abin da sabon jirgin A321XLR ke iya ci. Istanbul, Jidda, Madina, Dubai, duk suna cikin ikonsa. New York daga Najeriya kam tana bakin iyakar ƙarfinsa, don haka ƙattai ne za su ci gaba da riƙe wannan hanya, kamar yadda za su ci gaba da riƙe jigilar hajji. Amma mai zuwa umara, da ɗan kasuwa, da ɗalibi, da mai neman magani, waɗanda ba su kai su cika ƙato kullum ba, su ne ainihin fasinjan da aka ƙera siririn jirgi dominsu.

Jirgi dai ba ya sauka don tarihi. Yana sauka ne inda aka gyara titinsa, aka tanadi mai, aka tabbatar da tsaro, aka sauƙaƙa wa kamfani fitar da kuɗinsa. Wannan aikin hukumomi ne da wakilanmu da 'yan kasuwarmu, irin aikin da su Ɗantata suka yi a 1948. Muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya tun 1964, nan kusa da mu, yaranmu na ɗaga kai suna kallon jiragenta na atisaye. Kakanninmu sun yarda da kujeru uku-uku da hanya ɗaya domin ta kai su ɗakin Allah cikin yini guda. Idan irin wannan kujera za ta sa ɗan Kudan ya bar gida da hantsi, ya hau jirgi a Kano da azahar, ya kwana a inda ya nufa ba tare da ya ga Legas ba, to matsin gwiwa na 'yan sa'o'i kuɗi ne da ya cancanci a biya.