Yadda Mutanen Ingila Suka Koyi Bin Layi

Mutanen Ingila sun shahara da bin layi, amma ba gadon abin suka yi ba. Sunan da suke kiransa ma aro ne daga Faransanci, ma'anarsa wutsiya. A shekarar 1837 wani marubuci, Thomas Carlyle, ya ambace shi a kan halin mutanen Faransa ne.

Yaƙin Hitila shi ya kafa al'adar. A watan Janairu 1940 gwamnati ta ƙayyade wa kowa sukari da man shanu, sa'an nan nama. Mata kan daɗe tsaye a ƙofar kanti, wani lokaci su koma hannu banza. Yaƙi ya ƙare, wahala ba ta ƙare ba, don a 1946 har burodi aka ƙayyade. Mutane suka ƙosa, layi ya zama abin gori, har Churchill ya soki gwamnati da shi a 1950. Sai 1954 aka ɗage dokar.

Da wadata ta samu, aka manta zafin, aka riƙe ladabin. A 2022, sa'ad da Sarauniya Elizabeth ta rasu, layin masu ban kwana da gawarta a Landan ya kai wajen mil 10, waɗansu a ciki suka kwana. Watau abin da tilas ta koya wa kakanni, shi jikoki ke tinƙaho da shi.